Yadda Attahir Meteyo Ya Auna Soron Ubansa

Attahir ɗan Barmo, wanda duk Tarka ke kira Attahir Meteyo, ya yi shekara talatin da ɗaya yana aiki a wata ƙaramar tashar duba yanayi a Tanut, daga watan Oktoba na 1979 zuwa ƙarshen 2010. Ba shi ne shugaban tashar ba, ba kuma mataimakinsa ba. Shi ne mai share fili, mai zubar da ruwan gwangwanin auna ruwan sama, mai canza lagwanin ma'auni. A ranakun da shugaban ya tafi Damagaram kai rahoto, shi ke karanta lambobin. Bai yi lakol ba. Haruffan boko har yau kallon sawun kaji yake yi musu, amma lamba, daga sifiri zuwa ɗari, tun daga nesa yake gane ta kamar fuskar ɗan'uwa.

Aikin ya bar masa ciwo guda, wato ya daina yarda da fatar jikinsa. In ka gaishe shi ka ce, "Malam Attahir, yaya zafi?" ba zai ce maka lokacinsa ne ba kamar sauran Musulmi. Sai ya ce, "Nawa?" Wata rana wani mai wa'azi ya zo Tarka ya yi bayanin zafin ranar tsayuwa har tsofaffi suna share hawaye. Attahir ya jira aka shafa fatiha, ya matsa kusa da malamin, ya tambaye shi cikin ladabi ko a inuwa aka auna ko a rana. Tun daga ranar, in baƙon malami ya sauka, can sahun baya ake zaunar da shi.

Na san shi tun ina koyarwa a Tanut, inda ake ce wa malamin lakol Mushe, gidajenmu na kallon juna. Da muka ajiye aiki duk muka komo Tarka, shi ya koma gidan ubansa, cikin soron da aka haife shi a gefensa.

Soron nan sai an faɗi yadda yake. Barmo ya gina shi a 1957. Azara goma sha huɗu ke riƙe da rufinsa, a kan raƙuma aka kawo su daga kudu. Kaurin bangonsa santimita sittin da biyu, ni na auna da hannuna. Ƙofarsa gajera ce, kowa ya zo sai ya sunkuya, ko da kuwa yana da rawani. A wancan zamani, in damina ta ƙarato, unguwa duka ke fitowa yaɓe, maza na cuɗa ƙasa da ƙafa, mata na kawo ruwa da fura, kafin la'asar an gama. Yanzu in ka kira gayyar yaɓe, sai a tambaye ka ko akwai inda za a sa waya caji.

Mutum biyu ne ba sa ƙaunar soron, duk kuwa a cikin gidan suke. Ta farko Balki, matarsa. Na biyu babban ɗansa Abdulgafar, wanda ya koyo ginin bulo a Tamanrasset ya dawo da awon ruwa da igiyar magina da ra'ayi mai yawa. Da yake ɗan fari ne, Attahir ba ya faɗin sunansa, Magini yake ce masa. Abdulgafar ya riga ya gina wa kansa ɗaki a can ƙuryar gidan, na bulo da siminti, rufin tol, wato kwano, taga ta gilashi, fenti kore. Nan ya ajiye matarsa Zuhaira.

A ƙarshen watan Afrilu na 2023, bayan ƙaramar salla, ina zaune a soron tare da Dado aka kawo maganar. Dado Bafillace ne mai shanu, abokin Attahir na shekara hamsin. Da yake uwar Attahir jinin Barebari ce, tsakaninsu ba a gaisuwa sai da zagi.

Abdulgafar ya tsuguna a bakin ƙofa, idonsa a ƙasa kamar mutumin kirki.

"Baba, dariya ake yi mini. Na je Belbeji neman aiki, mai ginin ya ce, kai da ubanka ke kwana cikin suri, kai ne za ka gina mini gida? Ka bar ni in rushe shi kafin ruwa ya sauka. Wata ɗaya, in miƙa maka mabuɗi."

Balki, wadda ta ce ruwa ta kawo mana, ta ajiye kwanon ba ta tafi ba.

"Malam, shekara arba'in da biyu ina cin tuwo da ƙasar rufin nan. In an tona cikina za a yi tubali."

"Soron nan," in ji Attahir, "ya fi akwatin gwangwanin can sanyi nesa ba kusa ba."

"Wa ya faɗa?" in ji Balki.

"Jikina ya..." in ji Attahir.

Dado ya fashe da dariya har ya ƙware. "Bawana, ƙarasa mana! Jikinka ya ce me? Nawa ya ce?"

Attahir ya daɗe yana kallon azara. Daga nan ya yanke wa kansa hukunci da bakinsa. Ya ce za a auna, kwana bakwai, sau uku a yini: hantsi, azahar, la'asar. Lambar azahar ita ce alƙali. In ɗakin bulo ya fi soron sanyi, a rushe soron, shi zai fara ɗaga diga. In soron ya fi, kada a ƙara tayar da maganar har ya mutu. Ni da Dado ne shaidu. Abdulgafar ya amince da sauri, don ya yi imani da siminti kamar yadda ubansa ya yi imani da lamba.

Kwana uku muka yi muna tsara abin. Shi yana faɗa, ni ina zanawa da tsinken ja-layi, da irin rubutun da Fada suka dasa mana da bulala a makarantar Mishan ta Damagaram. Tasha huɗu za a kafa a gidan: ta ɗaya cikin soro, ta biyu cikin ɗakin bulo, ta uku ƙarƙashin rumfar tsakar gida, ta huɗu gindin aduwar ƙofar gida. Kowane ma'auni a rataye shi mita ɗaya da rabi daga ƙasa, wato daidai aljihun rigar Attahir. Kada ya taɓa bango, kada rana ta taɓa shi, kada a hura wuta kusa da shi. Kowace tasha da layi biyu a littafin: ɗaya na zafi, ɗaya na laima, wato yawan danshin da ke cikin iska. Ya ce gidan da aka san zafinsa ba a san laimarsa ba, rabinsa aka sani.

Saura ma'aunin kansa. Attahir ya aiki wani direba da ke zuwa Damagaram ya sayo masa tarmomet huɗu. Direban ya shiga farmasi, don a saninsa can ake sayar da su, ya kawo huɗu sababbi cikin kwali. Na hammata ne, irin na asibiti. Attahir ya san haka tun da ya buɗe kwalin, amma kunyar direban ta sa ya rataye su. Ashe tun a cikin zafin mota duk huɗun sun hau arba'in da biyu, inda lambarsu ta ƙare, suka maƙale a can.

Dado ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa.

"Gidanka duka zazzaɓi ne, Babarbare. Har aduwar. A nemo amalanke a kai soron asibiti a yi masa allura."

Balki ta kwashe su. Har yau ita ke auna jikokin unguwar, ana kiranta Likita.

Na laima kuwa ya ce shi zai ƙera da kansa. A tashar Tanut akwai wani akwati mai allura, cikinsa silin gashin mutum ne a miƙe: in iska ta yi danshi gashin ya ƙara tsawo, in ta bushe ya tsuke, allurar ta bi shi. Ya samo gwangwanin kifi, da ƙarfen ƙafar keke, da tsinken tsintsiya ya zama allura. Abin da ya rage sili guda na gashi, dogo, wanda bai sha mai ba. Ya je wurin Balki tana tankaɗe.

"Ki ba ni gashinki sili ɗaya."

Ta ajiye rariyar.

"Me ka ce?"

"Sili ɗaya. Dogo. Aiki zan yi da shi."

"Aiki! Malam, bayan shekara arba'in da biyu, yanzu ne za ka kai ni wurin boka? Me ka ce in yi ban yi ba? In wata ka gani, je ka nemi nata, ta ba ka har da fatar kan."

Kafin la'asar mai kitson unguwa ta ji, kafin magariba Tarka ta ji. Mako guda mata na tona rami mai zurfi suna binne gashin da suka taje. Dado ya tausaya masa ya kawo silin wutsiyar farar saniyarsa. Aka ɗaura. Tsinken tsintsiyar ya yi kwana biyu bai motsa ba, sai sau ɗaya da ƙadangare ya taka shi.

Abdulgafar ne ya kawo ƙarshen wahalar, don damina na matsowa, shi kuma yana sauri. Ya samo wasu ƙananan na'urori huɗu wurin mai sayar da wayoyi a Belbeji, kowace kamar guntun sabulu, da batir a ciki. Babbar lamba a sama ita ce zafi, ƙarama a ƙasa ita ce laima. Attahir bai yarda da su haka kawai ba. Ya tara su cikin ƙwarya guda, ya bar su yini ɗaya a wuri ɗaya, ya ga ko bakinsu zai zo daidai. Uku suka faɗi magana ɗaya. Ta huɗu ta ƙara digiri guda, ya kore ta gindin aduwa, inda ƙaryarta ba za ta cuci kowa ba.

Sai a ranar Lahadi, jajiberin farawa, muka ga abin da ba mu zana a takarda ba. Tasha ta biyu ɗakin surukarsa ce. Tun ranar da aka kawo Zuhaira gidan, Attahir bai taɓa wuce katangar madafa ba. In zai shigo gida sai ya yi gyaran murya tun daga zaure, ita kuma ta juya baya ta ja mayafi. Ba ta faɗin sunansa, ko watan da aka haife shi ba na jin za ta faɗa. Shi kuma "yarinyar nan" yake ce mata, a bayan idonta ma. Mutumin da ya shekara talatin da ɗaya bai bar wani ya taɓa masa lagwani ba, ga shi tsaye da na'ura a hannu, taku goma sha biyu tsakaninsa da tasharsa, ba hanya.

Ni ma ba ni da shiga, Dado balle. Abdulgafar da asuba yake fita aiki Belbeji, kuma Attahir ya ce ba a ba mai ƙara riƙon ma'auni. Aka tsaya a kan Zuhaira ta riƙa karantawa, tunda ta yi lakol har aji shida, ta rubuta a 'yar takarda, Balki ta kawo mini.

Attahir ya miƙa wa Balki na'urar da hannu biyu.

"Ki gaya wa yarinyar nan ta rataye ta inda rana ba ta kaiwa. Ta kula da ita. Rana na lalata ta."

Ina jin Balki daga inda nake, ta isa ƙofar ɗakin tana cewa, "Zuhaira, ga amanar Babanku. Ya ce ki kula da ita kamar jinjiri, kada ta sha zafi." Na ji, ban ga aibin maganar ba. Na rubuta wannan don kada a ɗora wa mata laifin duka.

Aka fara ran Litinin, takwas ga Mayu.

Labari ya riga ya zaga cewa Meteyo ya kafa tasha a gida, don haka ana sallame azahar mutane suka biyo shi. Mutum goma sha ɗaya na ƙirga a cikin soron. Kowa sai ya matsa ya hura wa na'urar iska ya ga lamba ta motsa. Wani ya danna mata babban yatsa ya ce a duba masa hawan jini. Baƙo kuwa in ya zauna sai shayi, shayi kuwa sai gawayi. Attahir ya dubi dokarsa ta uku a takarda, ya dubi baƙinsa, ya tura murhun bakin ƙofa, ya ce ai nan waje ne. Soro ya ba da talatin da tara.

Balki ta kawo 'yar takarda a ninke. Ɗakin bulo: ashirin da takwas.

"Sake karantawa, Mushe," in ji Attahir.

Na sake. Rubutun yarinyar tsaf yake, ba inda za a yi musu.

"Baƙi ne," in ji shi. "Da gawayi."

Talata haka, Laraba haka. Ran Alhamis ya roƙi Dado ya janye masa jama'a zuwa rumfa, Dado ya yi musu alkawarin labarin yadda Barebari suka fara ganin madubi, suka bi shi duka. Soro ya zauna ba kowa tun hantsi, ba wuta, ba numfashi. Da azahar ya ba da talatin da biyar, rumfa arba'in da biyu, aduwa arba'in da huɗu in an cire ƙaryarta. Lamba ce mai kyau, wadda uban kowa zai yi alfahari da ita. Takardar Zuhaira ta zo: ashirin da takwas.

Lambar zafi kawai yake tambayata. Ya ce laima a bar ta sai ƙarshe, ba ita ke shari'a ba. Ni kuwa aikina kwafewa, ina zuba lambobi a layinsu ban tsaya tambayarsu daga ina suke ba.

Daga ranar ya rage cin abinci. Sai in same shi zaune ya jingina bayansa da bango, tafin hannunsa a kan yaɓen. Ran Jumma'a bayan masallaci ya ce mini, "Mushe, fatata tana gaya mini ƙarya ake yi. Ko ta gefen ɗakin can na bi, sai in ji kamar gidan burodi. Amma shekara talatin da ɗaya ina gaya wa mutane fata ba shaida ba ce. Yau don abin ya zo kan soron ubana sai in ce ta zama shaida?"

Na ce masa ko a ƙara mako guda.

"Bakwai na ce."

Ran Lahadi, goma sha huɗu ga wata, bayan la'asar, aka taru a ƙarƙashin rumfa. Abdulgafar ya riga ya aro diga biyu da shebur, ya jingina su a zaure inda kowa zai yi tuntuɓe da su. Attahir kuwa tun da safe ya fitar da akwatinsa da buzunsa da butarsa, ya ajiye a tsakar gida, don kada a ce sai da aka fitar da shi. Na buɗe littafi na karanta lambobin azahar, rana bayan rana. Soro bai taɓa sauka ƙasa da talatin da biyar ba. Ɗakin bulo bai taɓa wuce ashirin da tara ba.

Kowa ya juya ya dubi Attahir.

"A rushe," in ji Attahir. "Magini, azarar dai kada ka sare su. Ka ciro su ɗaya-ɗaya."

Da wani ne ke riƙe da littafin, da nan aka tashi. Amma mu an hore mu ba a rufe shafi da sauran layi ba a karanta ba. Na gyara tabarau na ci gaba.

"Laima. Soro, goma sha tara, goma sha takwas, ashirin. Rumfa, goma sha uku. Aduwa, goma sha ɗaya. Ɗakin bulo, saba'in da shida, saba'in da takwas, tamanin da ɗaya..."

"Tsaya."

Ya ɗago kai.

"Tamanin da me?"

"Da ɗaya. Laraba, azahar."

"A watan Mayu? A nan Damargu?" Ya miƙe tsaye, gwiwoyinsa suna ƙara. "Ni na ga tamanin. A watan Agusta nake ganin ta, kwaɗi na kuka, gero ya kai ƙugu. Kai, Magini! Ruwan sama ake yi a ɗakinka?"

"Baba, ni ban..."

"In haka ne a buɗe mini ƙofa," in ji Dado, "in shigo da shanuna su yi kiwo. Wata uku ke nan suna cin kwali."

Attahir ya nufi ƙuryar gida da sauri, mu muna biye. Yana isa katangar madafa ya tsaya cak, kamar an ja masa linzami. Ya ɗaga ƙafa, ya mayar. Ya yi gyaran murya sau biyu, ba don kowa ba.

"Balki. Shiga ki gano mini inda aka rataye ta. Kada ki taɓa. Ki gani kawai."

Balki ta shiga. Daga nan muka ji wani sauti kamar ana shaƙe akuya, ashe dariya ce take son riƙewa ta kasa. Ta leƙo tana share ido da bakin zane, ta kira ɗanta ya zo ya ɗauko abin yadda yake. Abdulgafar ya fito rungume da randa. An naɗe randar da jiƙaƙƙen buhu, yana ɗiga. A wuyanta, tsakanin buhun da jikin randar, ga na'urar a ɗaure da igiyar zane, an kifa mata faifai don kada ƙuda ya dame ta.

Daga bayan labule muryar Zuhaira ta fito, ƙasa-ƙasa, amma ta isa inda aka aike ta.

"Inna, ki gaya wa Baba ya yi haƙuri. Ranar da aka kawo ta na rataye ta a ƙusa. Sai na ga lambar tana ta hawa, tana ta hawa, na ji tsoro kada ta mutu a hannuna. An ce kada ta sha zafi. Sau biyar nake jiƙa mata buhun a yini."

Attahir ya dubi katangar madafa, ya tambaye ta, ita katangar.

"Da tana ƙusa, nawa ta kai?"

"Inna, ki ce arba'in da shida."

Daga baya na tambayi Abdulgafar yadda aka yi mutum ya kwana bakwai a ɗaki bai ga abin da ke wuyan randarsa ba. Ya ce shi bai lura ba. Na rubuta haka a littafin, ban rubuta cewa na yarda ba.

Washegari aka sake awo, Balki ta rataye na'urar da kanta, da tsinken kara da Attahir ya yanke mata daidai aljihunsa. Azahar: soro talatin da biyar, ɗakin bulo arba'in da shida. Abdulgafar ya mayar da digar mutane ta bayan gari. Attahir ya ci tuwo kwano biyu, ya sa babbar riga, ya zaga Tarka yana gaida mutanen da bai gaisa da su ba tun bara, kowa ya gaya masa tazarar digiri goma sha ɗaya ce.

Kwana ɗaya ya yi yana sarauta. Ran Talata da hantsi yana shirin mayar da akwatinsa ciki, Balki ta zo ta tsaya a ƙofar soron, ta cika ta.

"Malam, yarinyar nan fa ba ita kaɗai ba ce. Wata bakwai."

Attahir ya sunkuyar da kai, don ba maganar da ake yi da suruki ba ce. Ya ce Allah ya raba lafiya.

"Amin. A arba'in da shida za a raba?"

Ya juya ga akwatinsa.

"Ba ni na auna ba," in ji Balki. "Ni jahila ce, jikina kawai nake ji. Kai ka auna, Mushe ya rubuta, ka bi gari ka faɗa wa kowa. Yanzu Tarka duka ta san a cikin tanda ka ajiye 'yar mutane. Jikan naka gasasshe kake so ko dafaffe?"

Ya waiwayo ya dube ni. Na duba littafi, lambar tana nan inda take.

Kafin azahar an shigar da gadon Zuhaira cikin soron Barmo, da kwanukanta, da randar. Aka rataya labule a gajeriyar ƙofar. Daga wannan sa'a soron ya zama ɗakin suruka, Attahir ba shi da ikon leƙa shi. Akwatinsa da buzunsa Abdulgafar ya ɗauka da ladabi ya kai ɗakin bulo, ya miƙa masa mabuɗi.

"Ka ci shari'a, bawana," in ji Dado. "Barka. Allah ya sa alhaki ne ya narke."

An haifi yarinya a watan Yuli, aka sa mata Rahama. Attahir ya zaci bayan arba'in za a mayar masa da ɗakinsa. Bayan arba'in aka ce jaririya ba ta son tol in ruwa na dukan sa. Da sanyi ya shigo aka ce soro ya fi ɗumi, abin da shi da kansa ya tabbatar da lamba kafin ya gane inda maganar ta nufa. Da bazara ta dawo ba wanda ya ma tayar da zancen. Abdulgafar, da yake yanzu a ciki yake kwana, ya yi wa soron yaɓen da bai samu irinsa ba tun zamanin Barmo.

Attahir ya shimfiɗa zana a kan tol, ya rage digiri uku. Ya ƙara karan dawa a kan zanar, ya rage ɗaya. Daga nan dabara ta ƙare. A bana ya kira ɗansa ya ce ya gina masa soro, na ƙasa, a gefen aduwa. Nan aka gano Magini, da duk Tamanrasset ɗinsa, bai san yadda ake murza tubali ba. Sai da suka je wani ƙauye a kwarin Tarka suka ɗauko wani tsoho mai suna Abdulƙadir, wanda ya yi wa Barmo cuɗin ƙasa yana saurayi. Ba ya gani sosai yanzu. Yana zaune a kan turmi, yana shafa kowane tubali da hannu, wanda bai yi masa ba ya jefar, ya zagi Abdulgafar da kakanninsa, har da Barmon.

Makon jiya na je, ginin ya kai gwiwa. Attahir na bin bangon da mitata yana duba kauri. Muna nan Balki ta fito, ta zaga ginin sau ɗaya, ta tsaya inda aka bar gurbin ƙofa. Ta auna faɗinsa da damtsenta, ta ce wa ɗanta ya ƙara taƙi guda, don gadonta mai rumfa ne, ba zai shiga ba.